Kalmar "straightforward": me likitar take nufi da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina shirin rubuta jarrabawar IELTS, ta gwada iya Turanci. Akwai wata likita 'yar Ingila da muke aiki tare. Ranar nan ta duba wata mai naƙuda, ta ce haihuwar za ta zo "straightforward". Bayan 'yan kwanaki kuma, a takardar da ta rubuta a kan aikina, ta ce ni mutum ce "very straightforward". Na duba ƙamus na waya ya ce min "kai tsaye". To haihuwa kai tsaye, ni ma kai tsaye? Ina tsoron ko tana nufin ba ni da kunya, ko kuma ba ni da zurfin tunani. Don Allah a warware min, a kuma nuna min yadda zan yi amfani da kalmar ba tare da kuskure ba.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, yabonki ta yi, kuma yabo ne mai nauyi a bakin likita. Idan Bature ya rubuta a takardar aiki cewa wance "straightforward" ce, abin da yake faɗa shi ne mutum ce kaifi ɗaya, ba ta ƙumbiya-ƙumbiya, abin da ke bakinta shi ne a cikinta. In ta manta ba ta ba maras lafiya maganin ƙarfe biyu ba, za ta ce ta manta, ba za ta cike takarda kamar ta bayar ba. In ba ta gane umarni ba, za ta ce a maimaita mata. Kin fi ni sanin rayukan da irin wannan hali yake tsarewa a ɗakin haihuwa. Babu zargin rashin kunya a ciki, babu raini ga tunaninki. Sai dai tsoron da kika ji ba na banza ba ne, domin akwai kalmomin da suke zaune dab da wannan, waɗanda da su ta rubuta, da na ce ki je ki same ta ku zauna. Zan zo kansu.

Mu fara da abin da wayarki ta yi miki. "Kai tsaye" ba ƙarya ba ce, an dai ɗauko ta daga wani aji an ajiye ta a wani. A nahawu, "straightforward" sifa ce, tana bayyana yadda abu yake ko yadda mutum yake. "Kai tsaye" kuwa bayanau ce, tana faɗin yadda aka yi aiki: ya wuce gida kai tsaye, ana watsa wasan kai tsaye. Shi ya sa da kika ɗora ta a kan haihuwa, kika kuma ɗora ta a kanki, maganar ta ƙi zama. Za ki yi ta cin karo da wannan matsala, don Hausa ba ta tara sifofi yadda Turanci ya tara ba. Tsantsar sifofinmu ba su da yawa: babba, ƙarami, sabo, tsoho, dogo, gajere, fari, baƙi, ja da makamantansu. Sauran aikin da "mai" da "maras" muke yinsa, ko da 'yar jimla guda. Mukan ce mai haƙuri, maras kunya, ba shi da ha'inci, ba ya noƙe-noƙe. Don haka duk wanda ya nace sai ya samo wa kowace sifar Turanci kalmar Hausa ɗaya tak, rabin ma'ana zai yi ta haddacewa. Abin da nake nanata wa ɗalibaina kullum shi ne, kada su tambayi kalma "me ake ce miki da Hausa?" Su tambaye ta "a kan me ake ɗora ki, kuma wanda aka ɗora wa ke, murna yake yi ko haushi yake ji?"

Kalmar haɗin abu biyu ce: "straight", wato miƙaƙƙe, da "forward", wato zuwa gaba. Ita "straight" ta fito ne daga tsohon aikatau mai nufin miƙa abu, wanda ya zama "stretch" a Turancin yau. Tun ƙarni na 16 ake amfani da haɗin a kan tafiya ta zahiri, mutum ya nufi gaba bai ratse dama ko hagu ba, daga baya aka ɗauke shi aka ɗora wa magana da hali. A yau wannan ma'ana ta tafiya kusan ta mutu. In ɗan jinya ya tambaye ki ɗakin gwaji, kada ki ce masa "go straightforward", ko da yake za ki ji ana faɗin haka a titunanmu. Abin da ake cewa shi ne "go straight ahead" ko "go straight on". Abin da ya rage wa kalmar rassa biyu ne, kuma likitarki ta ba ki kowanne a cikin mako guda.

Reshe na farko na abubuwa ne: aiki, tambaya, umarni, tsari, tiyata, shari'a. A nan tana nufin abin da ba shi da sarƙaƙiya, an san farkonsa, an san ƙarshensa, ba a tsammanin wani abu ya ɓullo a tsakiya. Da yawa sukan ce ai "easy" ke nan. A'a, kuma nan ne nake so ki tsaya ki lura sosai. Ɗauki azumin Ramadan. Abin da ake nema a fayyace yake, yaro ma zai faɗa miki: a yi niyya, a kame daga ci da sha da sauran abin da ke karya shi, daga fitowar alfijir har faɗuwar rana. Wannan "straightforward" ne. Amma wanda ya yi shi a Sakkwato cikin watan Afrilu ba zai ce miki "easy" ne ba. Rabon gado kuwa a zaune ake yinsa, a inuwa, da alƙalami, ba gumi ba ƙishirwa, amma ba "straightforward" ba ne, domin kasancewar magaji ɗaya tana iya rage rabon wani ko ta hana shi gaba ɗaya, sai an bi abin reshe-reshe. "Easy" wahala take aunawa. "Straightforward" kwana-kwana take aunawa.

To haka likitar take nufi da mai naƙudar nan. Ba cewa ta yi matar ba za ta sha wuya ba, ita ma ta san naƙuda. Cewa ta yi kan jariri yana ƙasa, jinin uwa bai hau ba, mabiyiya ba ta tare hanya ba, ba a hango dalilin shiga tiyata ba. A rubutun asibiti za ki fi ganin 'yar'uwarta "uncomplicated", a baki kuma ki fi jin "straightforward".

Ki lura da wani abu a bakin 'yan Ingila: ba kasafai suke sakin kalmar ita kaɗai ba. Sukan sa mata wani abu a gaba mai rage mata ƙarfi ko mai ƙara mata, su ce "fairly straightforward", "relatively straightforward", "pretty straightforward", ko in sun tabbata ƙwarai su ce "perfectly straightforward". Wanda ya fi muhimmanci gare ki shi ne korarriyar siffarta. Ran da babban likita ya dubi hoton ciki ya ce "this is not entirely straightforward", kada ki ɗauka ƙaramar matsala yake nufi don kin ji kalmar "entirely". Mutanen Ingila sun shahara da ƙanƙanta magana a lokacin da abu ya girma. Wannan jimla a bakinsu tana iya nufin akwai babban aiki a gaba, a shirya jini, a kira mai sa barci. Ina jin takaicin yadda ake koya wa yaranmu cewa Turawa duk ƙeƙe-da-ƙeƙe suke magana, mu ne masu kewaye-kewaye. Ba haka ba ne. Mutanen Holan da na Jamus an san su da faɗin abu ɓaro-ɓaro, har 'yan Ingila sukan ji abin ya yi musu tsauri. Shi ɗan Ingila yana da nasa kawaicin, salon ne kawai ya bambanta da namu.

Reshe na biyu na mutane ne, da abin da ke fita daga bakinsu: amsa, bayani, shawara. Mutum "straightforward" ya haɗa abu biyu, gaskiya da fayyacewa. Ba ya yi miki ƙarya, ba ya kuma lulluɓe gaskiyar har ki kasa ganinta. Ginin jimlar haka yake: wanda ake yi wa maganar ana sa masa "with", abin da ake magana a kai ana sa masa "about". "She was straightforward with the family about the risks", wato ta fito ta faɗa wa dangin haɗarin da ke ciki, ba ta rufe musu komai ba. In za ki gwada mutum biyu ko abu biyu, ki ce "more straightforward", kada ki liƙa mata "-er" a ƙarshe, ta yi tsawo da yawa ga wannan. Ba ta canzawa don mace ko don jam'i, saɓanin fari da fara da farare.

Yanzu ga tushen tsoronki. Ke Bahaushiya ce, an rene ki a gidan da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta, ba a shiga buƙata sai an gama gaisuwa, magana mai nauyi kuma wakili ake turawa ya kai ta. Kunya da kara da kawaici ba ado ba ne a wurinmu, da su ake auna tarbiyya. Saboda haka da kika ji "kai tsaye" a kanki, kunnenki ya jiyo yarinyar da ba ta tauna magana. Amma ki tuna Hausar nan ita ce kuma take yabon wanda ke tsage gaskiya komai ɗacinta, take zagin mai baki biyu da mai fuska biyu. Mun san bambanci tsakanin dattijon da ya feɗe biri har wutsiya a zaman sulhu da yaron da ya yanko magana ya jefa wa manya. Turanci ma ya san wannan bambanci, sai dai shi ya raba wa kowane hali kalmarsa. "Straightforward" ta faɗo a ɓangaren dattijon. Ba ta hana ladabi. Kina iya gaishe da maras lafiya, ki tambayi iyalinsa, ki zauna, ki sassauta murya, sannan ki faɗa masa sakamakon gwajinsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba, kuma duk wanda ya gan ki zai ce kin kasance "straightforward".

Kalmar da ya kamata ki ji tsoro ita ce "blunt". Ana ɗora ta a kan wuƙar da ta dakushe, kin kuma san ta a aikinki wajen raunin da abu maras kaifi ya yi. Mutum "blunt" gaskiya yake faɗa, amma ba ya duba inda za ta sauka. Shi ne zai dubi mai jego ya ce mata ƙibarta ce ta jawo mata, ya wuce. Wani lokaci akan faɗe ta da ɗan girmamawa, kamar a ce wane ba ya tsoron kowa, kuma mutum yakan ce "to be blunt" don ya gargaɗe ki cewa magana mai zafi na tafe. Amma in ta fito a takardar da shugabanki ya rubuta a kanki, to jan kunne ne.

Ta biyu ita ce rabin kalmarki. "Forward" ita kaɗai, in aka ɗora wa mutum, ma'anarta tsaurin ido da shisshigi, wanda ke saurin sabo fiye da kima, musamman tsakanin mace da namiji. "She is very forward" da "she is very straightforward" kusan sauti ɗaya ne a kunnen mai koyo, amma ta farko suka ce, ta biyu yabo. Kada kuma ki yanke kalmar ki riƙe rabin farko. "He was straight with me" daidai ne, yana nufin bai ɓoye min komai ba. Amma "he is straight" haka kawai, a Turancin yau yawanci magana ce a kan wanda mutum yake sha'awa ta fuskar jinsi, ba a kan gaskiyarsa ba. Gara ki faɗi kalmar cikakkiya.

Ta uku ita ce ke amsa ɗaya tsoron naki, na rashin zurfin tunani. A Turancin Najeriya mukan ce "he is a simple man" muna nufin mai sauƙin kai, wanda bai ɗauki duniya da zafi ba. A Ingila ma akan fahimci haka wani lokaci, amma "she is a bit simple" tana nufin ƙwaƙwalwarta ba ta ja. Da wannan likitar ta rubuta, da kina da dalilin ɓacin rai. In kina son yabon sauƙin kan wani a gaban Bature, "easy-going" ko "down-to-earth" sun fi aminci.

Sauran maƙwabtan ba su da haɗari sosai. "Frank" ta fi dacewa da lokacin da gaskiyar ba ta da daɗin ji. Sunan wata ƙabila ce ta Jamusawan da, wadda ta mamaye ƙasar da ake kira Faransa a yau tun wajen ƙarni na 5, daga sunansu ma ƙasar ta samo nata. Da yake su ne masu mulki, sunan ya zama yana nufin ɗa, wanda ba bawa ba, daga nan ya zama mai faɗin ransa ba tsoro. In kin ji a labarai an ce shugabanni biyu sun yi "frank discussion", sau da yawa ba su daidaita ba ne, an dai faɗe shi cikin lafazin diflomasiyya. "Candid" ta fi karkata ga mutumin da ya buɗe cikinsa a kan abin da yake iya ɓoyewa, kamar gazawarsa. "Outspoken" ta mai fitowa bainar jama'a ce ya soki abin da wasu ke shiru a kai. "Lucid" daga kalmar Latin mai nufin haske take, ana ɗora ta a kan rubutu ko bayani mai saurin shiga kai, a asibiti kuma a kan maras lafiyar da yake cikin hayyacinsa. "Explicit" kuwa abin da aka faɗa dalla-dalla ne, ba a bar komai ga hasashe ba, kamar "explicit instructions" ko "explicit consent". Ki yi hattara da ita wajen fim da hoto da waƙa, domin a can batsa take nufi.

In jarrabawa ta nemi kishiyar kalma, irin tambayoyin da WAEC da NECO da JAMB suke yi, sai ki fara duba a wane reshe take. In a kan abu ne, kishiyarta "complicated" ko "complex". In a kan mutum ne ko amsarsa, "evasive", wato mai zille-zille, ko "devious", wato mai makirci. Ɗalibai da yawa suna faɗuwa a nan saboda sun haddace kishiya ɗaya sun ɗauka ta wadatar.

Sai furuci, don IELTS tana da sashen magana. Kalmar haruffa 15 ce amma gaɓa uku kacal, kuma a kan gaɓa ta biyu ake danna murya, wato "for". Wahalarta gare mu tana farko. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa duk kalmar da muka aro sai mun cusa mata wasali: burodi, firamare, sitiyari, sukurudireba. Nan kuwa baƙaƙe uku ne a jere, s da t da r, harshe zai so ya ce "sitiret". Maganin shi ne ki fara da jan sautin s shi kaɗai, kamar iska na fita daga taya, sannan ki faɗa kan sauran ba tare da kin buɗe baki a tsakani ba. Ki yi a hankali, saurin zai zo da kansa. Sai harafin f. Namu da leɓɓa biyu muke yinsa, shi ya sa a Kano yakan yi kusa da p, a Sakkwato da yawancin Nijar kuma ya koma hw ko h. Na Turanci haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa. Ki tsaya gaban madubi, in ba ki ga haƙoranki a kan leɓe ba, ba ki yi shi ba tukuna. Likitarki ba za ta furta r ɗin da ke cikin "forward" ba, Ba'amurke zai furta, kuma kowanne karɓaɓɓe ne a jarrabawar. Haruffan gh ba a furta su. A da can ana furta su da wani sautin maƙogwaro mai kama da "kha" ta Larabci, sautin ya ɓace, rubutun ya zauna, kamar yadda yake a "night" da "eight" da "daughter". In kika yar da su kika rubuta "strait", kin koma wata kalma dabam mai nufin mashigin teku, irin na Hormuz. A haɗe ake rubuta ta, ba tazara, ba karan ɗori.

Akwai abin da nake so ki ɗauka daga wannan kalma wanda ya wuce ita kanta. Mu nan mun taso da ganin cewa iya Turanci shi ne jero manyan kalmomi har mai sauraro ya rasa inda aka dosa. Bahaushe ya daɗe da gano wannan ciwo, shi ya sa in magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa yake cewa dogon Turanci. Masu harshen ma sun yi yaƙi da shi a gidansu. A 1979 wata mata mai suna Chrissie Maher ta yayyaga tarin takardun gwamnati a dandalin da ke gaban majalisar dokoki a Landan, don nuna cewa talaka ba ya gane abin da aka rubuta a ciki, daga nan ƙungiyar Plain English Campaign ta samo asali. A Amurka kuma, a 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa hukumomin tarayya su riƙa rubuta wa jama'a takardu da harshen da za su fahimta. Mai duba takardarki ta IELTS daga wannan tarbiyya ya fito. Cikin ma'aunai huɗu da yake auna rubutu da su, ɗaya na kalmomi ne, kuma ba tsawonsu yake ƙirgawa ba. Yana duba ko kin sa kalma a muhallinta, tare da kalmomin da ta saba tafiya da su. Ɗalibar da ta rubuta "there is no straightforward solution to this problem" ta fi wadda ta ɗauko wata doguwar kalma daga ƙamus ta dasa ta inda ba ta zauna ba.

Wani masanin harshe ɗan Ingila, J. R. Firth, ya faɗa a 1957 cewa ana sanin kalma ne daga abokan tafiyarta. Kalma kamar baƙo ce a unguwa, ba a sanin halinsa daga sunansa, sai an ga majalisar da yake zama. Don haka ƙamus na waya mai ba da kalma ɗaya ba zai ishe ki ba. Ki nemi ƙamus na masu koyo, wanda yake bayyana Turanci da Turanci mai sauƙi, ya kuma kawo misalai. Wanda aka fi sani a makarantunmu shi ne na Oxford, wanda A. S. Hornby ya assasa bayan shekarun da ya yi yana koyar da Turanci a Japan, Oxford ta buga shi a 1948, ana kuma ta sabunta shi har yau. Mutumin ya ga da idonsa inda baƙon harshe yake tuntuɓe, shi ya sa ya cika littafin da jimloli da tsarin gina su. Akwai shi a intanet kyauta, har da murya mai furta kalma da lafazin Ingila da na Amurka. Ƙamusun Turanci zuwa Hausa suna da amfaninsu, ban ce ki yar da su ba, amma ki mai da su na biyu, bayan kin ga kalmar a cikin jimla.

Ga yadda za ki yi a aikace. Ki ware ɗan littafi. Duk kalmar da kika tsinta, ki rubuta jimlar da kika ji ta a ciki gaba ɗaya, da wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, da yanayin fuskarsa in kin gani. Ƙarƙashinta ki rubuta ma'anar da Hausarki, ko da layi biyu za ta ci. Ga wannan kalma, shafinki zai ɗauki jimlolin likitar guda biyu, ɗaya da "ba sarƙaƙiya, ba a tsammanin matsala", ɗaya da "kaifi ɗaya, ba rufa-rufa". Sannan ki ƙirƙiro naki daga aikinki na yau da kullum, domin abin da ya shafe ki shi ne yake zama a kai. Wajen miƙa aiki ga mai karɓarki, ki ce "bed four was a straightforward delivery". Wajen neman ra'ayin likitar a kan Turancinki, ki ce mata "please be straightforward with me", za ta gane kina son ta faɗa miki kurakuranki ba tare da kara ba, kuma za ki ƙaru da hakan fiye da yabo. In wani umarni ya rikitar da ke, ki ce "the instructions are not very straightforward". Wannan jimla tana da amfani ƙwarai, don ta ɗora matsalar a kan umarnin, ba ta ce wanda ya rubuta shi ya gaza ba, ba ta kuma ce ke ce ba ki gane ba.

Akwai bayanau ɗinta, "straightforwardly", da sunanta, "straightforwardness". Ki san su don ki gane su in kin gamu da su, amma suna da nauyi a baki, masu harshen ma sukan kauce musu su ce "in a straightforward way" ko "clearly" ko "honesty". A rubutun jarrabawa kuma, sau ɗaya ko biyu ya ishe ki a muƙala guda. In kin ga za ta fito karo na uku, ki duba ko "clear" ko "direct" ko "simple" za ta zauna a wurin, muddin a kan abu kike magana ba a kan mutum ba. Allah Ya ba ki sa'ar jarrabawa.